Godiya bayan wasan shigar da yaranmu fagen dambe

Assalamu alaikum. A madadin zuri'ar gidanmu, rundawa gaba da baya, muna godiya ga duk wanda ya halarci wasan da muka shirya ranar Asabar domin yaran da suka fara shiga fili. An yi lafiya, an watse lafiya, babu karaya babu targaɗe. Alhamdu lillahi.

Godiya ta farko ta baffanninmu ce, waɗanda suka zauna tun bayan azahar suna ɗaura wa yara kara, wato naɗin hannun naushi. Ɗan kallo ba ya ganin wannan aiki, alhali lafiyar hannu a nan take. Yaro zai dunƙule hannu, babban yatsa a kwance kan sauran, a naɗe da ƙyalle har ya wuce wuyan hannu, sannan a bi da zare, zagaye kusa da zagaye. In aka matse da yawa jini ba ya gudu, yatsu su yi sanyi tun kafin a gama turmin farko. In aka yi sako-sako, wuyan hannu ne zai lanƙwashe da naushi ya sauka. Shi ya sa ba ma barin yaro ya ɗaura wa ɗan'uwansa, kome rawar kansa. Baffa, Allah Ya ƙara girma.

Muna gode wa alƙalin wasa da ya ƙi haɗa yaro da wanda ba sa'ansa ba, duk da ihun 'yan kallo, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa ya ce an yi kisa, ba ja-in-ja. Turmi uku, aka raba.

Samarin unguwa sun tsince duwatsu da kwalabe, sun baza yashi, sun yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Sannunku da aiki. Haka mai unguwa, Allah Ya ja zamaninsa, da mahautan kwata, da makaɗan kalangu, da ma'aikacin lafiyar da ya zauna da akwatinsa har ƙarshe.

Ga manyan 'yan wasa na ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada da suka baro filin dambe na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano suka zo kallon ƙannensu: gyaranku ya shiga. Gaskiya ne yawancin yaran suna sauke hannun garkuwa, wato wanda ba a ɗaura wa kara ba, lokacin kai naushi, su bar haɓa a buɗe, wasu kuma suna harɗe ƙafa wajen ja da baya, ɗan turi kaɗan sai ƙasa. A kan waɗannan biyun za mu tsaya a atisaye.

Iyayenmu mata, mun san ba da son ranku kuke barin su ba. Mun gode da haƙuri da addu'a, da kunun zaƙin da ya ishi kowa.

Atisaye zai ci gaba bayan sallar la'asar, bayan an taso daga Islamiyya. Yaron da bai zo da iznin mahaifinsa ba, ba za a ɗaura masa kara ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.