Wata Takwas Ina Goge Ƙarfe Kafin a Miƙa Mini Shebur

Tsumma aka fara miƙo mini, da gwangwanin kananzir da aka gauraya da mai. Dattijon da ya karɓe ni ya nuna mini ƙafafun wani ƙaramin kan jirgi mai aiki da tururi, ya ce in fara daga can ƙasa, kada in bar wani lungu da yatsana bai shiga ba. Lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin injiniyan injuna a Leeds, na kuma sadaukar da ranakun Asabar ɗina ga wani ɗan gajeren layin dogo na tarihi a arewacin Ingila, irin waɗanda masu aikin sa kai ke riƙe da su ba a biyan kowa ko kwabo. Wata takwas na yi ina goge-goge kafin a yarda in riƙe shebur.

Da fari abin ya sosa mini rai. Ina ganin na san lissafin zafi da matsin tururi, me zai sa a bar ni da tsumma? Ashe tsari ne da suka gada daga kamfanonin jirgin ƙasa na da: ka fara da goge inji, ka zama mai zuba kwal, bayan shekaru sannan ka zama direba, kuma kowane mataki sai an jarraba ka. A wata na uku na gane hikimar. Ina goge ƙarƙashin injin sai farcena ya maƙale a wani siririn layi jikin ɗaya daga ƙarafan sifirin. Na share baƙin man, sai ga tsaga kamar zaren gashi. Na kira dattijon, ya durƙusa ya haska da tocila, ya miƙe ya ce yau wannan ba zai fita ba. Daga nan na san cewa mai tsumma shi ne idon farko da ke kan injin, tsabta kuwa ribar ƙafa ce. Na tuna yaran makanikai a gida da ake bari da wankin sifana shekara guda. Ba kowane maigida ne yake yin haka don koyarwa ba, wani bauta kawai yake sa yaro. Bambancin da na gani a can shi ne duk ranar da na gama, sai an tambaye ni me na gani.

Injunan da muke kula da su ba manyan nan ba ne masu jan fasinja daga Landan zuwa Sikotland. Na masana'antu ne, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a harabar mahaƙar kwal, da masana'antar ƙarfe, da tashar wutar lantarki, da wurin fasa dutse, suna tura taragu gaba suna jan su baya, wani ma bai taɓa yin nisan mil biyar daga ƙofar kamfaninsa ba. Gajeru ne, ƙafa huɗu ko shida da aka haɗe da sandar ƙarfe, tankin ruwansu a ɗore bisa tukunyar kamar sirdi a bayan doki, kwal ɗinsu a wani akwati bayan direba. Duk nauyinsu a kan ƙafafun da ke ja yake, shi ya sa suke da ƙarfin ja duk da ƙanƙantarsu. Leeds kuwa uwarsu ce. A unguwar Hunslet, a kan titi guda mai suna Jack Lane, kamfanoni uku suka yi maƙwabtaka suna ƙera su: Manning Wardle, da Hudswell Clarke, da kamfanin Hunslet da aka kafa a 1864. Samfurin da Hunslet ya zana lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda ake kira Austerity, an ƙera guda 485 tsakanin 1943 da 1964. Da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da tururi a watan Agustan 1968, waɗannan ƙanana ba su tsaya ba. Sun ci gaba da aiki a mahaƙai cikin shekarun 1970, wasu har farkon shekarun 1980. Shi ya sa da yawansu suka shiga hannun masu adanawa da ƙafafunsu, ba kamar manyan da aka riƙa cetowa daga filin gwangwan na Barry a Wales ba, inda aka fitar da guda 213 bayan tsatsa ta yi shekaru tana cin su.

Wuta ce ta fi koya mini komai.

Injin da ya huce ba a tashinsa da gaggawa. Tun daren Juma'a ake hura masa 'yar wuta da itace da tsumman mai don jikinsa ya yi ɗumi, da asuba kuma a ƙara a hankali, a ɗauki sa'o'i kafin allurar ma'aunin matsi ta motsa. Dalilin a gininsa yake. Murhun akwati ne a cikin wani akwatin, ruwa a tsakaninsu, ɗaruruwan ƙusoshi masu zare suna riƙe da bangon ciki da na waje don kada matsi ya lotsa su. Idan bangon ciki ya yi zafi ya buɗe alhali na waje yana da sanyi, ƙusoshin nan su ke shan wahalar, yau kaɗan gobe kaɗan, har wata rana ɗaya ta karye. Na san wannan a takarda tun ina aji biyu a jami'a. Amma wata safiya da muka makara, fasinjoji sun fara taruwa da 'ya'yansu, na kai hannu zan buɗe bawul ɗin da ke hura tururi cikin bututun hayaƙi don wutar ta tashi da sauri. Dattijon ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ce, yaro, mutanen nan za su jira minti ashirin su manta, tukunyar nan ba ta mantuwa. Mun saba cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a nan ne na ga haƙuri yana da farashin da ake iya lissafawa: ƙusa nawa, wata nawa injin zai yi a kwance, kuɗin tikiti nawa za a tara kafin a gyara.

Da aka ba ni shebur ɗin, laifina na farko shi ne yawan zubawa. Ina tsoron kada wuta ta mutu, sai in ta loda kwal, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allurar matsi kuma maimakon ta hau sai ta sauka. Kwal ɗin da na tula ya toshe hanyar iska, hayaƙin nan kuwa makamashi ne da bai ƙone ba yake tafiya a banza. Aka koya mini in zuba kaɗan kaɗan, a kai a kai, shebur huɗu ko biyar, ina cike kusurwoyi da inda wutar ta yi rami, sannan in ɗaga kai in dubi bakin bututun. Idan hayaƙin ya yi launin toka ya washe, na yi daidai. Abin da ya fi burge ni a ƙirar shi ne tururin da ya gama tura fistin ta wannan bututun yake fita, yana fita yana zuƙo iska ta cikin murhu. Wato duk lokacin da injin ya ƙara aiki, da kansa yake ƙara hura wutarsa. Mai zuba kwal aikinsa shi ne ya riga shi sani. Tun kafin a iso hawa ya kamata wutar ta shirya, in ka bari sai an fara hawan to ka makara.

Ruwa kuma ya fi wuta haɗari. A gaban mai zuba kwal akwai gilashi da ke nuna tsayin ruwan tukunya, kuma ƙa'idar da ba a sassauta ta ita ce rufin murhu kada ya taɓa zama ba ruwa a kansa. In ya bushe, ƙarfen zai yi laushi alhali matsi mai yawa na danne shi. Saboda haka ake ɗaura wasu ƙusoshi masu cikin darma a rufin, in ruwa ya yi ƙasa darmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya yi gargaɗi. Wanda ya bari aka kai ga haka, an daɗe ba a sake ba shi shebur ba. Ni ban kai can ba, amma na ga yadda ake kaiwa. Mun gama hawa, gilashi ya nuna rabi, hankalina kwance. Direba ya rufe tururi, muka fara gangara da kan injin a gaba, ya taɓa burki, sai na ga ruwan ya zurare zuwa gindin gilashin. Duk ya kwarara gaba, ya bar wajen murhu. Na buɗe na'urar cusa ruwa hannuna na rawa. Ita wannan na'ura, wadda Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙiro a 1858, da tururin tukunyar take tura ruwan sanyi cikin tukunyar, ba famfo ba fistin, kuma in ta kama tana da wani sauti kamar waƙa. Ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar na ranar ba. Direban bai yi mini faɗa ba. Da muka tsaya ya ce in faɗa masa inda layin yake hawa da inda yake gangara, tun daga tasha har ƙarshe. Na kasa. Asabar ta gaba da ƙafa na taka layin duka.

Kowace shekara mai binciken tukunya yana zuwa, kuma kusan duk shekara goma sai an tsayar da injin an ciro tukunyar, an zare bututunta, an cika ta da ruwa an matsa fiye da yadda take aiki don a ga ko za ta yi yoyo. Na ga wani tsohon maƙerin tukunya yana bin ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma, kunnensa a karkace. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai kaifi, karyayya kuma muryarta a dushe. Ya sa na gwada, duk iri ɗaya na ji. Ya ce shi ma sai da ya shekara kafin kunnensa ya buɗe. Wannan ba ya cikin kowane littafi da na karanta, kuma ba na jin za a iya rubuta shi.

A nan ne ake wata gardama da ba ta ƙarewa a wurin shan shayi. Injin da aka sauya wa bututu sau biyar, aka yi masa sabon murhu, aka sake tayoyin ƙafafunsa, shi ne dai wanda ya fito daga Jack Lane? Wasu na ganin duk ranar da ka hura masa wuta kana cinye tarihin da ka ce kana adanawa. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma injin da shi kaɗai ya rage a irinsa, ni ma na fi son a bar shi a inuwa yadda yake. Amma a kan sauran ina tare da masu hura wuta. Injin da ke tsaye zai nuna maka siffarsa, ba zai koya wa kowa jin muryar ƙusa ba, ba zai sa wani ya taka layi da ƙafa ba. Abin da ke wuyan samu ba ƙarfen ba ne, ana iya zuba wani. Mutanen da suka san yadda ake bi da shi su ne ba a zubawa, kuma yawancin waɗanda suka koya mini sun haura saba'in. Abin da na ga ana yi wanda ya gamsar da ni shi ne duk ƙarfen da aka cire sai an rubuta ranar da dalilin, muhimmai kuma a ajiye su da lamba. Har yau a wurin aikina ba na sauya komai a jikin inji ban rubuta ba.

Wata Lahadi na ziyarci layin Middleton da ke kudancin Leeds, wanda aka kafa da dokar majalisa a 1758 don kai kwal cikin gari. A kansa ne a 1812 injin Salamanca, wanda Matthew Murray ya ƙera bisa tsarin ƙafa mai haƙora na John Blenkinsop, ya fara jan kwal a matsayin aikin yau da kullum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka cece shi a 1960: ɗaliban Jami'ar Leeds ne da malaminsu Fred Youell, shekara tara bayan masu sa kai sun karɓi layin Talyllyn a Wales. Ɗalibai ne kamata, ba su jira wata hukuma ba. Yanzu damuwar masu wannan aiki ita ce kwal ɗin kansa. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe mai girma a Birtaniya, Kellingley, ta rufe a Disambar 2015, mahaƙar Ffos-y-fran a Wales da suke dogaro da ita ta bi baya a 2023. Kwal ɗin da ake kawowa daga waje kowanne da halinsa, wani ya yi toka da yawa, wani ya narke ya toshe ƙarafan murhu, sai tsofaffin ma su koma ɗalibai.

A cikin karance-karancen tarihin Hunslet na ci karo da sunan Wushishi. A 1901 kamfanin ya ƙera ƙananan injuna biyu don siririn layin da aka shimfiɗa tsakanin Wushishi da Zungeru, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, shekara goma kafin jirgi ya iso Kano a 1911. Ɗaya daga cikinsu yana nan a ajiye a Jihar Neja. Na kai wa dattijon hotonsa cike da murna. Ya daɗe yana kallo, ya nuna mini wurare biyu uku da ya gane hannun maƙeran garinsu. Bai tambaye ni ko an yi masa fenti ba. Cewa ya yi, a ƙasarku akwai sauran wanda ya taɓa zuba wa irin wannan kwal?

Da na zo hutu Zariya na yi ta cigiya a Sabon Gari, har aka haɗa ni da wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi aikin wuta a manyan injunan tururi kafin na dizal su karɓe hanya. Na same shi a zaure bayan la'asar. Na gaishe shi na ce, Baba, na zo ne in tambaye ka yadda kuke yi da kwal ɗin Inugu. Ya ce, ɗana, kai kuma ina ka san wannan? Na ba shi labarin ranar da ruwa ya zurare mini a gilashi. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni kan injin yana gaba ne ko yana baya. Na ce yana gaba. Ya gyaɗa kai, ya sa jikansa ya ɗauko masa sandarsa, ya miƙe a hankali ya riƙe ta da hannu biyu, ya gyara tsayuwar ƙafafunsa, ya ce in matso in ga yadda ake juya wuyan hannu idan ana son kwal ya faɗa kusurwar baya.