Ni da Mai Tukunyar Gam

Shagona na ɗinkin littafi yana Samaru, Zariya, kuma duk wanda ya san unguwar ya san furojet ɗin ɗalibai ne ke riƙe da mu. Idan lokacin kammala karatu ya zo, kwana muke muna huda takarda, muna ɗinki, muna manna kwali, muna buga suna da ruwan zinare a bango. In aka tafi hutu ko aka shiga yajin aiki kuwa, sai korar ƙuda. A lokacin ne muke karɓar ayyukan da ranar ciniki ba ma ko ɗaga kai mu kalla: ƙamus da bangonsa ya fita, rajistar makarantar Islamiyya, littafin bashi na mai kanti.

A irin wannan zaman ne wani dattijo, likita da ya yi ritaya, ya shigo da wata siririyar mujalla a cikin leda. Komik ce, irin mujallun nan na Amurka da ake ba da labari cikin zane, tun yana ɗalibi a can ya saye ta. Bangon ya rabu da cikin, domin fin biyun da ke riƙe da ita sun yi tsatsa sun ci takardar. Ya ce in duba masa, zai dawo jibi. Ni kuwa na ga aikin minti biyar ne. Na shafa farin gam a ƙashin bayan, na mayar da bangon, na bi shi da salatif ta ciki don ya ƙara ƙarfi, na danne da katako. Da ya dawo na miƙa masa ina jiran yabo.

Ya juya ta gaba da baya, ya buɗe tsakiya, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, ka kashe ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu ko jika ya ja ba za ta fita ba."

Ya ce ai matsalar ke nan. A wurin masu tara waɗannan mujallu, gara a gan ta a yage yadda take da a ce an taɓa ta da gam. Akwai wani kamfani a jihar Florida mai suna CGC, aikinsa duba komik ya ba ta maki har zuwa 10, ya rufe ta cikin akwatin roba. Wadda aka yi wa gyara da gam ko aka ƙara wa launi, shunayyar takarda ake liƙa mata a maimakon shuɗiya, kuma kuɗinta faɗuwa yake. Shi ba sayarwa zai yi ba, amma abin ya sosa masa rai. Na ƙi karɓar kuɗin aiki, shi kuma ya ajiye a kan tebur ya fita. Na ɗauka mun rabu ke nan.

Bayan kamar wata biyu sai ga shi da wani ƙaton littafi, ya fi shafi ɗari biyar, zanen baƙi da fari a kan takarda irin ta jarida. Kamfanin Marvel ne ya tattara tsofaffin labaran Human Torch, saurayin nan da jikinsa ke kamawa da wuta ya tashi sama, ya buga su wuri guda. Ƙashin bayan littafin ya tsage gida uku, shafuka na zubowa. Ya ce, "Wannan da ma da gam aka haɗa shi, fagenka ne. Amma ka karanta kafin ka fara, akwai ɗan'uwanka a ciki."

Ɗan'uwan nawa shi ne Paste-Pot Pete, wato Pete mai tukunyar gam. Ya fara fitowa a mujallar Strange Tales ta 104, mai ɗauke da watan Janairun 1963, lokacin da ake sayar da kowace a kan santi 12. Stan Lee da ƙanensa Larry Lieber ne suka tsara labarin, Jack Kirby ya zana. Sunansa na yanka Peter Petruski, masanin haɗa sinadarai ne da ya ƙirƙiro wani gam mai bushewa nan take, wanda ko wuta ba ta yi masa komai. Shigarsa ce ta sa yaron shagona dariya har da riƙe ciki: hular masu zane irin ta Faransa, ƙaton ƙulli a wuya, riga burmeme, ɗan gemu, ga bokiti a hannu ɗaya, ga bindigar fesa gam a ɗaya, tiyo ya haɗa su. Da wannan ya je fashin banki, da shi kuma ya nemi sace makami mai linzami na soja.

Ni abin bai ba ni dariya sosai ba, haushi ya ba ni. Duk mai sana'ata ya san wahalar gam. Da hunturu yana bushewa kafin ka daidaita kwali, da damina ya ƙi bushewa har bangon ya lanƙwashe. Na sitaci yana da sauƙin kuɗi amma kyankyasai da gara suna sonsa kamar tuwo. Mai ƙarfin nan na masu gyaran takalmi yana ƙona takarda, ga wari mai hawa kai. To ga mutum Allah ya ba shi gam ɗin da ba ruwansa da zafi, yana kamawa cikin ƙiftawar ido, maimakon ya yi masa rajista ya buɗe masana'anta ya ci arziki har jikoki, sai ya saɓi bokiti ya tafi neman faɗa da yaron da ke tashi sama. Sau da yawa kuma a kurkuku yake ƙarewa.

Aikin littafin ya ɗauke ni kwana huɗu, uku daga ciki cire tsohon gam kawai nake yi. Irin gam ɗin nan ne da inji ke narkawa ya zuba, in ya tsufa sai ya ƙage ya riƙa karyewa kamar alewa. Hanyar da muke yi wa furojet, a yanke baya da inji a huda a ɗinke, ba za ta yiwu ba, domin zanen ya matso gefe ƙwarai, zare zai haɗiye rabin maganar mutanen. Sai na aro na'urar busar da gashi wurin mai saloon ɗin da ke maƙwabtaka da mu, in ɗumama wuri kaɗan, in kankare da bayan wuƙa, in zare shafi ɗaya. In aka ɗauke wuta, in jira.

Likita yakan zo da yamma ya zauna a kan benci yana kallo, yana ba ni sauran tarihin. Shi ya faɗa mini cewa a fitowa ta 110 ta Strange Tales, a 1963 ɗin dai, Pete ne da abokin ta'asarsa Wizard a kan bango, amma yau ba don su ake rububin mujallar ba. A can ciki akwai wani ɗan labari mai shafi biyar da Steve Ditko ya zana, inda shahararren jarumin nan mai sihiri, Doctor Strange, ya fara bayyana, kuma ko hotonsa ba a sa a bangon ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin mujallar Avengers ta 6, a 1964. Wani mugu mai suna Baron Zemo, wanda shi kansa wani gam da ake kira Adhesive X ya manne masa ƙyallen rufe fuska tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa yaransa suka feshe titunan New York da gam ɗin. Jarumai suka maƙale, ƙarfi bai yi amfani ba. Wa aka nema? Pete, yana zaune a gidan yari. Shi ke da sinadarin da ke narkar da gam, ya bayar aka sassauta masa hukunci. Ina riƙe da wuƙa ina kankara na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ya san aikin." Domin a wurinmu shafa gam ko yaron da ya zo jiya zai iya. Ana gane gwani ne wurin raba abin da aka manna ba tare da an yaga ba. Salatif yana ɗaguwa da ɗumi, amma jan tabonsa ya zauna ke nan. Supa-gulu kuwa, in ya shiga takarda sai dai haƙuri. Malamanmu na da ba su shiga wannan rigima ba sam: warƙoƙin Alƙur'ani a sake suke, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka.

Da shafukan suka rabu duka, na jera su na buga gefensu ya daidaita, na matse a tsakanin katako biyu. Na karkata su gefe guda kamar mafici na shafa farin gam siriri, na karkata ɗaya gefen na sake shafawa, yadda kowane shafi zai kama ɗan'uwansa da ɗan gefe kawai. Na ɗora yadi mai shara-shara a bayan, na mayar da ainihin bangonsa, na bar shi kwana guda a ƙarƙashin nauyi. Wannan karon sai da na tambaye shi kafin kowane mataki.

Pete dai ya gane sunansa na ja masa raini. Tun a 1964 ya aske gemun, ya yar da hular da bokitin, ya ɗinka kayan faɗa na sosai. A 1965 ya shiga ƙungiyar miyagu ta Frightful Four tare da Wizard da Sandman da Medusa, a mujallar Fantastic Four ta 36, sannan a ta 38 ya ce daga yau a kira shi Trapster, mai ɗana tarko. Bai tsira ba. Shekaru da dama ke nan marubuta na sa Spider-Man da sauran jarumai su tuna masa da tsohon sunan a tsakiyar faɗa, shi kuma ya harzuƙa.

Ranar da likita ya zo karɓa, ya buɗe littafin a tsakiya ya shimfiɗa a tebur, ya ɗaga shi ta bango ya girgiza. Ko shafi ɗaya bai motsa ba. Ya biya, ya ƙara wa yarona na shayi, sannan ya zaro siririyar mujallar nan daga jaka ya ce ko zan gwada cire abin da na shafa mata. Salatif ɗin ya fita a rana ta biyu, ya bar layi ja. Gam ɗin bayan har yanzu ina binsa da auduga mai ɗan laima, kaɗan-kaɗan, duk ranar da babu ciniki. Yarona kuma, tun da ya ji likita ya faɗa sau ɗaya, in wani ya zo nemana sai ya leƙo ciki ya ce, "Oga Pete, ana sallama."