Kifin da Ake Ci a Legas, Daga Buka Zuwa Tsibirin Victoria

Wanda ya sauka Legas daga arewa yakan zo da tunanin cewa tunda birnin yana zaune tsakanin tekun Atilantika da babban tafkin da ya raba tsibiransa da tudu, kifi zai fi komai yawa da araha a kwanon kowa. Shekarun da na yi ina zuwa garin don harkokin aiki, ina cin abinci a duk inda aljihuna ya kai ni a ranar, sun nuna mini cewa ana cin kifi sosai a Legas, amma irin wanda mutum zai samu a gabansa ya danganta da unguwar da ya zauna da kuɗin da ya biya. Sau da yawa ma wanda yake cin abinci a rumfar da ke 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa, kifin da ke cikin miyarsa daga wata nahiya aka kawo shi.

A buka, wato rumfar abinci ta Yarabawa, yawancin ma'aikata da direbobi da 'yan kasuwa suke cin abincin rana. Manyan tukwane ne jere a kan wuta, mai saye ya bi layi ya faɗi malmala nawa yake so, sannan ya nuna yankan naman da idonsa ya kwanta a kai, kowane yanka da kuɗinsa, ko na akuya ne, ko tumbi, ko ganda. Abincin da ya fi fice shi ne amala, tuwon garin busasshiyar doya mai launin ƙasa, wanda ake zuba wa miyar lalo da suke kira ewedu, da miyar wake da suke kira gbegiri, sannan a ɗora jar miyar tattasai da manja a sama. Masu sayar da amala na Shitta a Surulere da na Yaba sun yi suna a kan wannan haɗin. Da safe kuma akwai ewa agoyin, waken da aka dafa har ya yi lugub aka zuba masa soyayyen barkono da ya kusa yin baƙi, ana ci da burodin Agege mai danƙo. A ganina, girkin da ya fi inganci a birnin nan yana cikin irin waɗannan rumfunan, kuma dalilin a fili yake: macen da take tuƙa abu guda kowace rana shekara da shekaru ta san shi ciki da bai, kuma yawan ciniki ba ya barin abinci ya kwana a tukunya.

Sai dai idan mutum ya nemi kifi a buka, abin da za a miƙo masa galibi titus ne, ko panla, ko kote, waɗanda akasarinsu a daskare ake shigo da su cikin kwalaye daga ƙasashe irin su Norway da Holand. Ana sauke su a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, a adana su a ɗakunan sanyi irin na Ijora, daga nan masu sari su rarraba su cikin kasuwanni. Abin da ya jawo haka shi ne kifin da ake kamawa a cikin gida bai kai abin da jama'a ke buƙata ba, kuma masuncin da ya fita da kwalekwale ba shi da ƙanƙara ko tsayayyar wutar lantarki da zai adana abin da ya kamo, alhali manyan jiragen kamun kifi na Turai suna daskarar da nasu da yawa kuma cikin hanzari. Wannan ne ya ɗaure kwanon talakan Legas da farashin dala. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, masu buka da yawa sun rasa yadda za su ƙara kuɗi ba tare da sun kori abokan cinikinsu ba, sai yankan kifin ya riƙa ƙanƙancewa. Abin yana damuna, domin wannan yankan shi ne kusan duk abin gina jiki da lebura zai samu a yininsa.

Kifin tafkin kansa yana shiga tukunyar talaka, amma a ƙyafe. Duk wanda ya bi gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, zai hango gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa da hayaƙi yana tashi daga tsakaninsu. Masunta ne, yawancinsu 'yan ƙabilar Egun, maza suna kamowa mata suna ƙyafewa, kuma ƙamshin da ake ji a miyar ganye ta efo riro sau da yawa daga irin wannan bandar yake fitowa.

Mai matsakaicin ƙarfi yana da hanya biyu. Ta farko ita ce shagunan abincin gaggawa masu na'urar sanyaya ɗaki, salon da Mr Bigg's ya buɗe wa ƙofa a Marina a 1986, daga baya irin su Chicken Republic suka biyo a 2004. Akwai tsabta da wurin zama, ana samun dafa-duka da kaza da soyayyar agada, kuma ɗanɗanon kusan ɗaya ne a kowane reshe. Hanya ta biyu ta fi jan hankalina, wato wuraren shaƙatawa na yamma inda ake ajiye tarwada da ranta a cikin manyan robobin ruwa, mai saye ya nuna wadda yake so, a auna ta, a yi masa farfesu mai yaji ko a gasa ta da albasa da attarugu a kawo da doya. Babu shakka sabon kifi ne, sai dai shi ma bai taɓa ganin teku ba, domin a tafkunan kiwo na Ikorodu da Epe da Ijebu-Ode ake renonsa. Yana da kyau baƙo ya sani cewa yawancin irin waɗannan wuraren suna sayar da giya, saboda haka mai iyali ko wanda zuciyarsa ba za ta natsu ba ya sa a ƙunshe masa ya tafi da shi masauki.

Sai an haye tsibirin Victoria da Ikoyi da Lekki sannan ake ganin abincin teku a yalwace: manyan jatan lande, kaguwa, gasasshen kifin teku guda sukutum. Akwai gidajen abinci na Labanawa da na Sinawa da na Indiyawa, akwai kuma waɗanda suka ɗauki girkin gida suka fito da shi cikin tsari. Yellow Chilli ya shahara da miyar kuɓewa da ake cikawa da kayan teku, Terra Kulture na Bolanle Austen-Peters ya haɗa gidan abinci da zauren wasan kwaikwayo da wurin baje kolin zane, shi kuwa Nok, da ke harabar ginin Alara wanda mai zanen gine-gine David Adjaye ya zana, yana tattaro girke-girke daga sassan Afirka. Kafin mutum ya zauna, ya sani cewa farashin da ke rubuce a takardar abinci ba shi ne zai biya ba, domin za a ɗora harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar Legas na kashi 5 a kan abin da aka ci a otal da gidajen abinci, wasu wuraren kuma su ƙara ladan hidima. Sauran tsadar ta kuɗin haya ce da man janareta da masu gadi, da kuma kallon ruwa, wanda shi kansa ya zama abin saye tun da aka cike tsohon bakin teku na Bar Beach da yashi aka kafa sabon birnin Eko Atlantic a wurin. Hausawa suna cewa iya kuɗinka iya shagalinka, kuma na yarda da wannan game da kujera da sanyi da natsuwa, amma ban yarda da shi ba game da ɗanɗanon shinkafa ko amala. Idan mutum zai kashe kuɗin tsibiri, ya kashe shi a kan abin da buka ba za ta iya ba shi ba, wato sabon abincin teku.

A nan ne nake ganin 'yan uwana na arewa suna ja da baya, wasu suna tambaya ko kaguwa da jatan lande sun halatta. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, dabbobin ruwa halal ne, saboda haka ƙyamar ta rashin sabo ce. Abin da ya cancanci tambaya a gidajen abincin ƙasashen waje shi ne ko ana sa giya ko naman alade a girkin, kuma ma'aikatan sun saba da wannan tambayar, tunda Musulmi suna da yawa a cikin Yarabawa. Wanda kuma kewar gida ta kama ba zai sha wahala ba, domin tumatir da albasa da tattasan da ake girka duk waɗannan miyar da su daga arewa manyan motoci suke sauke su a kasuwar Mile 12, shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ta Agege su ma haka, kuma a Agegen da Idi-Araba ana samun masa da tuwon shinkafa da fura. Tsire kuwa shi kaɗai ne abincin da na ga ya ratsa kowane mataki, domin a gaban tukubar Obalende ko ta Glover Court da ke Ikoyi, mai tsaleliyar mota da ɗan aike layi ɗaya suke bi.

Wanda yake son cin kifin da aka kamo daga ruwan Legas a ranar, kuma ba ya son biyan kuɗin tsibiri, sai ya ware yini guda ya nufi Epe a gabashin jihar, inda kasuwar kifi ta Oluwo take a bakin tafki. Mata ne ke riƙe da cinikin, kwalekwale yana tsayawa ana juye kifin cikin ruwa da ransa, akwai karfasa da tarwadar da ba ta kiwo ba da kaguwa, kuma ana taya farashi kamar a kowace kasuwa. Gara a fita da asuba, domin hanyar Lekki zuwa Epe tana cushewa da zarar rana ta ɗaga, a kuma tafi da kula mai ƙanƙara a ciki, saboda zafin hanyar dawowa yana iya lalata kifin kafin a kai shi ga wanda zai girka.