Godiya ga duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki na Tawa da ma na nesa. Yau sati 3 kenan da faɗuwata, da hannu ɗaya nake rubutun nan don haka ku yi haƙuri da ni.

Masu tambaya wai mota ce ta buge ni, a'a wallahi ni da kekena ne. Mun fita da safe mu huɗu wajen duwatsun hanyar Keita kamar yadda muka saba, sai da rana ta take, ruwana ya ƙare, na gaji, na ce bari mu gwada wata gangara da ban taɓa bi ba. Kun san tsakuwar Adar yadda take zamewa ƙarƙashin taya. Ina cikin gudu na hangi wani rami da ruwan damina ya ci, tsoro ya sa na damƙe birkin gaba shi kaɗai, tayar baya ta ɗaga, na wuntsila ta saman kan keken na sauka bisa kafaɗa. Ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, lokotoro ya ce shi ne ya fi karyewa ga masu irin wannan faɗuwa. Hular kwanona ta tsage gida biyu, har yanzu tana bisa tebur ina kallonta, Inna in ta shigo sai ta kauda kai.

Godiyata ta farko bayan Allah ga abokin tafiyarmu da ya hana a ɗaga ni da gaggawa. Yana ta tambayata sunana, wace rana ce yau, ko ina jin yatsun ƙafata, ko amai na taso mini, ni kuwa haushi nake ji ashe wuya da ƙwaƙwalwa yake tsoro. Sai wani dattijo makiyayi da ya bar bisashensa ya zo ya kwance rawaninsa aka rataye mini hannu, ko sunansa ban tambaya ba, Baba Allah ya saka maka da Aljanna. Da mai motar da ya kai mu gidan likita ya ƙi karɓar ko dala.

Yaya, ka dage sai an yi radiyo, wato hoton ƙashi, kafin a yi zancen mai ɗori, na gode. Ma'aikatan da suka kwana kaina, maƙwabta masu aiko fura da tuwo, ƴan fadarmu da suka maido shan shayi ƙofar gidanmu don kar kaɗaici ya kama ni, da uwargida da take sa mini riga kullum ba ta taɓa nuna gajiya ba, Allah ya bar zumunci.

An ce sai wajen sati 6 zuwa 8 ƙashin ke haɗewa, ranar Litinin zan koma a sake dubawa. Wanda ya san dattijon nan mai rawani don Allah ya kira ni, rawaninsa na wurina an wanke an ninke.