Tsohuwar Sansui ta Baba ta ƙi kamawa

Rediyon Sansui ɗin Baba, irin na shekarun 1970 ɗin nan masu nauyin tsiya, ta ƙi kamawa kwata-kwata, ko ɗan hasken gaba babu. Kafin in kwashe ta zuwa kasuwar Dilimi wajen masu gyara sai na zare filogi na duba fis, ya ƙone ƙurmus. To fis baya ƙonewa haka kawai, na leƙa baya ashe wani ya murɗa maɓallin wuta zuwa 110 alhali wutarmu 230 ce! Na maida shi daidai na sa fis mai lamba ɗaya da tsohon, kar wanda ya naɗa waya a madadin fis, wallahi taransfomar rediyon zai kashe. Ta kama, amma kafasito (wani ɗan abu mai tara wuta a cikin rediyon) ɗaya ya kumbura, wannan kam sai mai gyara don yana riƙe wuta ko an cire filogi.