In apt ya ce maka babu, ina za ka nufa?

Duk wanda ya ɗan jima a kan Linux irin Ubuntu ko Debian, inda ake saka manhajoji daga rumbunsu na intanet da umarnin apt, ya san saƙon nan, ka rubuta sudo apt install kaza, sai ya watso maka Unable to locate package. Sau da yawa ba wani abu ba ne, apt update mai sabunta jerin manhajojin ne ba ka yi ba, ko manhajar tana sashen universe na Ubuntu ba a kunna shi ba. Amma wani lokacin da gaske babu ta a rumbun, Google Chrome misali Debian ba sa ajiye shi saboda lasisinsa, Chromium kawai za ka samu.

To ni dai kafin in saka komai daga waje tambaya biyu nake yi, wa zai riƙa sabunta min shi, kuma in na gaji da shi ya zan cire shi.

In masu manhajar sun ba da fayil ɗin .deb a shafinsu shi nake fara ɗauka, kuma da sudo apt install ./sunansa.deb nake saka shi ba dpkg -i ba, don apt zai jawo sauran abubuwan da take buƙata da kansa, dpkg kuwa kuka zai yi ya bar ka a rabin hanya. Na Chrome ma yana ƙara rumbun Google a kwamfutarka, sabuntawa tana zuwa tare da sauran. Wasu kam ba ruwansu, sai ka koma shafinsu da ƙafarka ka ɗauko sabo.

Flatpak, wata hanyar saka manhaja ba ta apt ba, yana da kyau gaskiya, rumbunsa Flathub cike yake da kaya, Linux Mint ma da shi yake zuwa, tun Mint 20 a 2020 suka toshe Snap, takwaransa na Ubuntu. Amma fa jama'a ku duba data kafin ku danna y, ƙaramar manhaja ce kake so amma karon farko sai ta jawo gindin GNOME ko KDE gabaɗaya, wato tarin kayan da take dogara a kai kafin ta yi aiki, ɗaruruwan MB, kai kuma da hotspot ɗin waya kake. Daga baya dai abin yana sauƙi tunda manhajojin suna raba gindin tsakaninsu.

AppImage fayil ɗaya ne, ka ba shi izinin tashi da chmod +x ka buɗe, ka gaji ka goge, har a filash za ka iya ba abokinka. In ya ƙi tashi a Ubuntu 22.04 galibi libfuse2 ne babu.

PPA kuwa, wato rumbun da wani ya buɗe na ƙashin kansa don Ubuntu, hmm. Mutum ne da ba ka sani ba a shafin Launchpad ka miƙa masa makullin gidanka, tunda da ikon root, wato cikakken iko a kan kwamfutar, ake saka kayansa. Kuma don Allah kar ka ɗora PPA na Ubuntu a kan Debian, su 'yan Debian har suna suka sa wa irin wannan haɗin gambizar, FrankenDebian.

Sai haɗa manhajar da kanka daga tushen lambobinta (source code), build-essential, ./configure, make, sudo make install. Yana aiki, sai dai apt bai san da zaman abin da ya zube a /usr/local ba, kuma ba kowace manhaja ke da make uninstall na cire ta ba. In dole ce ta kama, ba shi --prefix=$HOME/.local tun a configure, ba ka ma buƙatar sudo, kuma kar ka goge foldar da ka haɗa a ciki, don a cikinta ake yin make uninstall.