Godiya ga iyayen yara masu sikila da suka zo zamanmu na Garwa

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan jinya da muka shirya zaman ranar sikila ta duniya, 19 ga Yuni, muna miƙa godiya ga duk wanda ya zo. Iyaye mata da suka taso da goyo tun daga Pitowa da Gidar, limaman da suka yi mana shela bayan sallar Juma'a, samarin da suka ɗauko mutane a babur ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka da alheri, ya raya mana yaran nan.

Da yawa kun ce a rubuta bayanin fenisilin don a kai wa maigida da kaka. Ga shi.

Saifa ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. A yaro mai sikila (SS) takan fara lalacewa tun bai shekara ba, sai ƙwayar nimoniya ta samu hanya, ta shiga jini ko ta haddasa sanƙarau, ta kayar da yaro cikin yini guda. Shi ya sa ake fara fenisilin na sha tun yana wata biyu zuwa uku, safe da yamma, kullum, aƙalla har ya cika shekara 5. Binciken da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna hakan ya rage irin wannan mummunan kamu da kashi 84 cikin ɗari. Ma'aunin da aka fi bi shi ne miligiram 125 sau biyu ga wanda bai kai shekara 3 ba, 250 sau biyu daga shekara 3 zuwa 5, amma abin da likitan yaron ya rubuta shi za a bi.

Inda aka fi yin tuntuɓe: yaro ya yi ƙiba, yana ta guje-guje a tsakar gida, sai a ce ai ya warke, a jingine kwalba a bayan kwanuka. Maganin nan ba ya daɗewa a jiki, sa'o'i kaɗan ne fitsari ya fitar da shi. Kwana biyu babu shi, yaro ba shi da garkuwar nan ke nan. Ku ɗaura shi da salla, bayan asuba da bayan magariba, kafin a zuba tuwo, don ya fi shiga jiki idan ciki ba a cike yake ba. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, ya ja layi a kalanda. In an manta, a ba shi da zarar an tuna, kada a ninka.

Sai batun awo. Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, wani ƙarami, wani ƙato. A nemi sirinji marar allura a kantin magani. Wata kwalbar da miligiram aka rubuta ƙarfinta, wata da UI (wani ma'aunin ƙarfin magani na daban), kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne, don haka in an canza muku kwalba ku sa mai kantin ya nuna muku layin da za ku tsaya. Garin magani in an haɗa shi da ruwa firiji yake so, kuma mako ɗaya zuwa biyu yake yi. Da zafin Garwa da ɗauke wuta, gara ku tambayi likita ko za a koma ƙwaya, a murƙushe ta a ɗan ruwa. Na tebur a kasuwa da ya sha rana, a bar shi.

Ƙuraje ko kumburin fuska bayan sha, a dakatar da maganin a kawo yaron asibiti, akwai madadinsa irin eritromaisin. Allurar rigakafin nimoniya ta mako 6, 10 da 14 kada ta wuce shi, da ita da maganin tare suke aiki.

Ko yana shan magani ba fashi, in zafin jiki ya kai digiri 38.5, a tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne, kada a ba shi farasitamol a jira gari ya waye.

Mun gode ƙwarai. A zama na gaba kowa ya taho da kwalbarsa da sirinjinsa, mu auna tare.